Abin da Ke Bakin Rafi

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki, ta sauka?

Kin san bolar bakin rafin unguwarmu, wadda hayaƙinta ya sa wa Auta tari. Bana muka zaɓi kansila daga masu kare muhalli, don ya ce iska mai kyau haƙƙin talaka ce, kuma ba za a gyara gari a kan bayan marasa ƙarfi ba. Ya nemi matan unguwa mu rubuto kokenmu. Aka ce ni zan rubuta, wai hannuna ya fi kyau.

Kin san halina. Na buɗe takardar da bisimilla, sai na ji nauyin sa sunan ƙazanta a ƙarƙashin sunan Allah. Na rubuta cewa a taimaka a kwashe abin da ke bakin rafi.

Shekaranjiya mota ta zo ta kwashe. Har da rumfunan mata bakwai masu tsintar roba, har da ɗakin langa-langar Mai Kwalabe, dattijuwar nan da ta yi jinyata lokacin da na haifi Auta. Da ta tsaya a gaban masu kwashewar, ɗayansu ya nuna mata takardar. Ba ta iya karatu ba, amma ta san hannuna, ni nake rubuta mata wasiƙa zuwa ga ɗanta. An ce butarta kawai ta ɗauka.

Ki sa ni a addu'a.

Yayarki

*

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso. Kin ce aiki da niyya yake. Haka ne, amma niyyata ba ta yi wa kowa rufin ɗaki ba.

Na je taron kansila. Ni da ko a gida sai an ce in ɗaga murya, na miƙe gaban maza na faɗi kalmar da na ƙi rubutawa, har sau uku, na ce ita muke nufi, ba mutane ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma bai tambaya ba. An ba matan wurin tantance roba a bayan kasuwa. Shida sun koma aiki. Ta bakwai ɗin kuwa, Mai Kwalabe, ba wanda ya san motar da ta hau.

An dasa itatuwa a wurin, kowane gida da nasa. Na roƙi wanda ke kusa da duwatsun murhunta, kullum ina kai masa ruwa.

Auta ta daina tari, mako biyu ke nan. Ina cewa alhamdulillahi, wallahi ina cewa, sai dai harshena yana nauyi.

In kin ga dattijuwa mai ɗingishi a tashar garinku, riƙe da buta shuɗiya, kada ki ba ta haƙuri a madadina. Ki ce mata kawai ɗakinmu na zaure a share yake.

Ki gaida yara.

Yayarki