Fartanyar Baba

Talata, 18 ga Yuni, bayan isha'i

Yau na ƙwace wa Baba fartanyarsa.

Na dawo daga kasuwa na tarar da shi a lambun bayan gida, gumi ya jiƙa masa riga, yana ta murmushi. Wai ya nome mini ciyawa. Tun bara idonsa ya tafi, amma ya ƙi yarda. Dashen tattasan da na yi sati uku ina ja wa ruwa daga rijiya, duk ya sare ya tara a gefe. Ciyawar kuwa tana nan tsaye.

Ya ce, "Ɗiyata, kin ga aiki?"

Na ce, "Na gani. Akuya ma ta fi ka, Baba, ita ko ba komai ta san abin da take ci."

Da na kama ƙotar sai ya riƙe gam. Ya ce da wannan fartanya ya yi wa kakana noma shekara bakwai a Manga kafin a ba shi Inna. Na ce, "To an ba ka, ta rasu, aiki ya ƙare." Sai ya saki.

Na cilla fartanyar saman rufin kicin. Tuwon da na kai masa yana nan a rufe, bai taɓa ba.

Bayana ciwo yake, kuma gobe sai na nemi wani dashen. Yanzu haka ina jin sa a tsakar gida, yana lalube jikin katanga yana nemanta. Ya wuce ta ƙarƙashinta sau biyu. Ban tashi ba.