Keken ɗinkin surukata ko bargunan yara?

Anti, ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni ƙungiyarmu ta mata ta ɗora wa shirya kayan agajin da za mu aika ƙasar waje, inda ambaliya ta cinye gidajen mutane. Ban nema ba, wai don na iya ɗaure kwali. Mutanen can sun faɗi abin da suke so ƙarara: barguna, sabulu, gidan sauro. Mai jigilar kuma lungu ɗaya ya ba mu a kwantenarsa, ya ce ko allura ba za a ƙara ba, jibi zai rufe.

Kwatsam sai surukata ta sa aka kinkimo keken ɗinkinta mai ƙafar ƙarfe, wanda da shi ta raini mijina da ƙannensa. Ta zuba masa mai, ta ɗaura almakashinta a jiki, ta ce a can akwai wata uwa da ta rasa komai kamar yadda ta taɓa rasawa. Wallahi sai da na yi hawaye. Amma da na gwada, in keken ya shiga, bargunan yara ne za su fita. Ƙawata ta ce in ɓoye shi in ce ya tafi. Matar da tun daga ƙofa take gane gishiri ya zarce a miyata? Jiya na sa keken, na fitar, na sake sawa. Yanzu ban ma san me nake so ba.

Mai ɗaurin kwali

'Yar uwa, kwantar da hankalinki. Shawarar ƙawarki ki bar ta inda kika ji ta, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Inna, surukarki, ta hango gaba, domin sana'a ta fi sabulu daɗewa. Sai dai wanda ke kwana a tanti bai da inda zai girke keke, kuma sanyi ba zai jira yaro ba. Barguna ne a gaba. Ki tambayi mutanen can ko suna son keken a jigila ta gaba.

Gobe ki kai Inna wurin kayan. Ki nuna mata lungun, ki aza mata bargo ɗaya a cinya, ki nemi shawararta. Wadda ta yi rayuwarta tana ɗinki ta san ba a yanka wa mutum riga sai an auna shi. Ina kyautata zaton da hannunta za ta fitar da keken.

Allah ya kai kayan lafiya, ya bar ki da Inna cikin aminci.