Akuyar Ajin Madam

Briqueterie, Yaoundé

Zuwa ga Yaya Altine,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Yaya, zancen 'yata Fatiha ne ya hana ni sakat. Kin san babanta ya dage sai da aka sa ta a wata lekol, wato makarantar boko, a unguwar Tsinga. Ranar farko ta durƙusa har ƙasa ta gaida madam ɗin ajinsu, kai a sunkuye, yadda Inna ta koya mana. Sai matar nan ta ce wa 'yan aji su zo su ga akuyar mayankar Etoudi tana jiran wuƙa. Tun ranar, kullum da safe sai ta sa ta maimaita durƙuson a gaban allo, yara suna yi mata kukan akuya. Wai so take ta koyi tsayuwa ta kalli mutum ido cikin ido.

Babanta ya ce in bar maganar tunda tana kawo maki mai kyau, ya koma kan keken ɗinkinsa. Ni kuwa raina a ɓace yake. Yarinyar da ke zuba kamar rediyo, yanzu ko tuwo sai na yi da gaske take ci. Gobe da ƙafata zan je.

Ƙanwarki,
Rahama

Zuwa ga Yaya Altine,

Bayan gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya, ku da Inna.

Na je. Na tarar da direkta, shugabansu, a tsakar makaranta, daidai tagar ajin su Fatiha. Dattijo ne mai furfura, sa'an Baba. Wallahi ban ma yi shawara ba, gwiwata ce ta riga ni zuwa ƙasa.

Sai kukan akuya ya ɓarke daga tagar. Madam na tsaye bakin ƙofa da alli a hannu, ba ta ce su yi ba, ba ta ce su bari ba. Direkta ya ce in tashi, wasan yara ne, su dai darasi suke koyarwa. Da na ɗaga kai na ga Fatiha ce a gaba, ta riƙe ƙarfen taga, muryarta ta fi ta kowa. Ido cikin ido ta kalle ni. Madam ta je ta shafa mata kai.

Daga ranar ba a sake sa ta durƙuso ba, wata baƙuwar yarinya ce ta gaje ta. Fatiha ta dawo da fara'arta, tana cin abinci har da ƙari. A tsaye take gaishe ni. Babanta murna yake yi, wai zuwana ya yi amfani.

Kin ce Inna na son zuwa nan da Sallah don ta ga jikarta. Don Allah ki nemo dalilin da zai hana ta. Kin san Inna, ko liman ta hango sai ta kai ƙasa. Ni na ji da kunnena na shanye, amma ba zan tsaya a yi wa uwata ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Rahama