A Ɗebi Jinin Tukuna, Nighat

Zuwa ga Nighat, sanyin idona, inuwar mangwarona a zafin Multan, ruwan randata,

Wallahi tun da muka yi waya shekaranjiya na kasa zama wuri ɗaya. Ina tsaye gaban injin saƙa a nan Faisalabad, zare yana tsinkewa ban gani ba, sai da shugaban aiki ya daka mini tsawa. Ke kuwa kina can kina dariya! "Sarfaraz, likita ya sake rage mini magani, na kusa zama mutum!" Na yi murna, Allah ya sani. Sai kika ƙara da cewa ranar gwajin jini Ammi, mahaifiyarki, ba ta barin ki fita sai kin sha shayi da gurasar paratha, kin haɗiye ƙwayarki. Nan gabana ya faɗi.

Haba Nighat, haba hasken gidana! Kin manta abin da aka gaya mana bayan dashen ƙodar? A ɗebi jini tukuna, sannan a sha ƙwayar safe. In kin riga kin sha, maganin zai fito da yawa a jininki, likita ya zaci ya yi miki yawa, ya rage. Alhali shi ke lallashin garkuwar jikinki kada ta far wa ƙodar da na ba ki. In aka rage fiye da kima fa? Jikinki ya farka, ya ga baƙuwa, ya ce ta fita! Ina za mu samo wata? Ɗaya ta rage mini, kuma ko na durƙusa wa likitoci ba za su cire ta ba.

Na san halin mahaifiyarki. Cewa za ta yi, "A gidana ba a fita ba a karya ba, masaƙi ne zai koya mini reno?" Ki sumbaci hannunta, ki ce ta ƙunsa miki parathar, kya ci a ƙofar asibiti bayan allura. Ƙauna ce ta sa ta, ban ga laifinta ba, amma ƙaunar nan ta hana ni sukuni.

Kin tuna safiyar tiyatar, gadona kusa da naki, kika leƙo kika ce in ƙodata ta zo da cin barkono irin nawa za ki mayar mini da abata? Na yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta harare ni. To, ba zan karɓa ba.

Don girman Allah, wasiƙar nan tana isa ki je ki gaya wa likita gaskiya, a sake gwajin. Kada ki ƙara ko ki rage da kanki. In kin ji zazzaɓi, ko ƙafa ta kumbura, ko fitsari ya ragu, kada ki jira ni. Ranar Juma'a ina tafe, in za su kore ni daga aiki su kora.

Zuciyata ta daɗe a wurinki, ba ta taɓa buƙatar magani kafin ta zauna ba. Ƙodar ce baƙuwa, masoyiyata. Ki riƙe mini ita, ita kuma ta riƙe mini ke.

Naki har ƙasa ta rufe idona, da ni da ke nan da ɓangarena da ke jikinki,
mijinki Sarfaraz