Gonar Gindin Ɗorawa da Na Ce Ba Ta da Kowa

Daga baffanka Shitu a Fammar, zuwa ga ɗana Ja'afaru a wurin haƙar kuza, Naraguta. Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Allah ya tsare ka daga sharrin ramukan nan, ya ƙara maka lafiya. Mu nan ƙalau muke. Ƙanwarka Ramlatu ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunan marigayi babanka. Ƙafar gwaggonka Jumai ta yi sauƙi har tana cin kasuwar Kibiya, bakin kuwa dama bai taɓa ciwo ba.

Bayan haka, akwai maganar da ta hana ni sakat. Bayan girbi wasu malamai suka zo daga Kano da igiya, wai Nasara ya ce a auna gonaki. Wasu suka ce duk gonar da igiya ta zagaye ta zama ta Nasara, wasu suka ce mai ita za a kama a kai aikin hanyar jirgi. Da suka iso gonar babanka ta gindin ɗorawa suka tambayi mai ita, sai ka faɗo mini a rai, na ce saura ce, ba ta da kowa. Wallahi kare ka na yi nufi. Na dawo gida ina ganin na yi dabara.

Ashe ba wanda za a kama, ba gonar da za a ƙwace. Sai mai unguwa ya kira ni, ya ce Hammadu Bafillace, wanda shanunsa suka shekara uku suna zama a cikinta, ya roƙa a ba shi. Na ce ta ɗan ƙanena ce. Ya ce wacce zai kama, maganata ta kaka ko ta yau? Hammadu kuma ba shi da laifi, takin shanunsa ne ya raya ta. Aka tsaya a kan in mai ita ya sa mata fartanya da hannunsa kafin ruwan shuka, tasa ce. Ni an hana ni in yi maka, tunda bakina ne ya sallama ta.

Shawara kuwa, ɗana, kaina ya kulle. Da safe in ce ka zauna inda kake samun na tuwo, da yamma in ce ka taho. Jumai ta ce in daina juyi kamar waina. Har yau ban san abin da igiyar nan take nufi ba, kuma ina tsoro. In ka zo, ka sa gero a tudun, dawa a kwarin, kada ka yi faɗa da Hammadu, za ka nemi shanunsa baɗi.

Jumai da Ramlatu suna gaishe ka, ka gaishe mini da Sule abokin tafiyarka. Ɗorawa ta nuna, hadari ya fara leƙowa ta gabas. A'a, ka taho kawai, Ja'afaru. Na tsaya a inda ƙanena ya zubar da guminsa na ce ba shi da kowa. Ka zo ka ƙaryata ni a gaban mutane.

Haza wassalam. Baffanka, Shitu.