Ba A Ji

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Kin ce wayata kullum a kashe take, in kuma na kira ki Baba yana zaune a falo, ba kya sakewa. To ga takarda, direban da ke kawo muku kaya zai miƙa miki. Kada ki yi wa rubutuna dariya, na kusa manta yadda ake riƙe biro.

Kin ce har yau ba ki gane aikin da nake yi ba. Wata likita ce ke da shiri a intanet kan masu juna biyu da jarirai, kai tsaye, duk Laraba bayan la'asar. Ita ce a gaban kyamara. Ni ina bayan tebur, hedifon a kunne, hannu a kan miksa, akwatin nan da ake daidaita sauti da shi. Tun Litinin nake tsara tambayoyi, in gyara fitilu, in gwada makirufo. In aikina ya yi kyau, ba wanda zai san ina ɗakin.

Sai dai akwai wani mai kallo da ya hana ni sakat. Sunan da ya sa wa kansa Mai Sauraro. Da an fara shiri sai ya rubuta a wajen sharhi da manyan baƙaƙe: BA A JI. Likita ta tsaya, dole in taso in shigo gaban kyamara, in taɓa makirufon da ke wuyan rigarta, in ce, "Gwaji, gwaji, kuna jinmu?" Kowa ya ce ana ji rangaɗaɗau. Na sauya waya, na sauya makirufo, na kwance miksa na mayar, ban ga komai ba. Likita ta fara yi mini wani irin kallo.

Baba yana shan maganinsa kuwa? Kada ki ce na tambaya. Tun ranar da na ajiye masa makullin shagon gyaran rediyo na taho, ya ce kada in kira shi sai ya kira ni. Ni ban iya tsallake maganarsa ba, shi bai iya janye ta ba. Ina kewarsa, Yaya. Ko dalma na narka don in liƙe waya, ƙamshin sai ya mayar da ni kan bencin shagonsa.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kuma na yi dariyar, ka yi haƙuri. Gwauro da kai, ko budurwa babu, kana zaune kana koyon yadda ake sa jariri gyatsa. Allah ya sa ilimin ya yi amfani wata rana.

Mai Sauraron nan naka ƙila wayarsa ce ta lalace, ko kunnensa. Ka rabu da shi.

Baba lafiya lau, sai rikici. Tun da ya rufe shago ya dawo wajena ya kwance mini fanka, ya kwance dutsen guga, duk lafiyarsu ƙalau. Na ba shi tsohuwar wayata don ya bar mini kayana, kuma ta yi aiki. Yanzu yana shigewa ɗaki da ita ya turo ƙofa, ya ce wa'azi yake saurara. Bai ambaci sunanka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma yara sun so ɗaukar kujerarka ta shago da ya taho da ita, ya daka musu tsawar da har maƙwabta suka leƙo.

Ka riƙa cin abinci. A hotonka na ƙarshe wuyanka ya yi tsawo.

Yayarka

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. A gurguje nake rubutu, direba yana jirana a ƙofa.

Na rabu da ƙaya! Larabar da ta wuce mun yi baƙuwa, babbar ungozoma, da ƙyar muka samo ta. Tana buɗe baki mutumin nan ya sake rubuta BA A JI. Ta rikice, ta manta abin da za ta faɗa. Bayan shiri Likita ta wanke ni tas. Ta ce ko in gyara sautin, ko in gyara mutumin, ko ta nemo wanda zai iya. Na saurari shirin daga farko har ƙarshe, ko ƙugi babu. Sai na gane ɗan rainin hankali ne kawai. Na toshe shi. Yanzu zai iya kallo, amma ba zai sake rubuta ko wasali ba.

Jiya muka yi shiri sumul, ban motsa daga kujerata ba. Likita har ta yaba.

Ki shafa mini kan yara.

Auta

Auta,

Sallama. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

Ranar Laraba bayan la'asar ina wanke-wanke Baba ya fito da waya a hannu. Ya daɗe a tsaye a bakin kicin kafin ya ce, "Ke, duba mini abin nan, ya daina karɓar rubutu." Ka san Baba. Tun da aka haife mu ka taɓa jin ya ce wani ya duba masa na'ura? Na goge hannu na karɓa. Likitarku ce a kan allo, tana bayanin yaye, muryarta ta cika kicin. A ƙasa ga abin da ya rubuta ya ƙi tafiya: BA A JI. A gefe ga sunan, Mai Sauraro.

Na ce, "Baba, ai ana ji." Ya ce, "Na san ana ji." Ya ɗauke kai yana kallon famfo. Can ya ce, "Yaron ba ya fitowa sai an ce ba a ji."

Ashe wa'azin da yake rufe ƙofa yana saurara ke nan. Tsoho mai jikoki, yana zaune shi kaɗai yana jin yadda ake shayarwa, don dai ka taso ka ce gwaji. Ya ce mini ranar farko da gaske bai ji ba, bai san inda ake ƙara murya ba ne. Da ya rubuta sai ga ka. Daga nan ya gane hanya. Har ya ce ka rame, kuma kana riƙe makirufo yadda ya koya maka riƙe ƙarfen liƙi, da yatsa uku.

A lokacin takardarka ta ƙarshe ba ta iso ba, amma allon ya rubuta cewa masu shirin sun hana shi sharhi. Na so in ce matsalar sabis ce. Ya karɓi wayar ya sa tabarau ya karanta da kansa. Ya tambaye ni, "Wa ke da ikon hanawa?" Na koma kan wanke-wankena. Ya ce, "To." Ya ajiye wayar a kan firij ya koma ɗaki, ko abincin dare bai ci ba.

Na ce masa ba ka san shi ba ne. Ya ce ɗan da ya yi shekaru a gefensa ya kamata ya gane rubutun ubansa. Na ce rubutun waya duk iri ɗaya ne, bai kula ni ba. Ku biyun nan kun gajiyar da ni, wallahi. Ka yi wani abu.

Yayarka

Yaya,

Ina gaishe ki. Na karanta takardarki a tsaye duk da kin ce in zauna.

Nan take na cire toshewar da na yi wa Baba. Laraba ta zo, na kasa kallon miksa, idona yana kan sharhi. Mata suna ta tambaya kan haƙori da zazzaɓi, shi shiru. Sati ya zagayo, shiru. Ni da na yi ta addu'ar Allah ya raba ni da kalmomin nan, yanzu su nake nema kamar yaron da ya ɓata a kasuwa yana duba fuskoki.

Na ɗauki waya ban san sau nawa ba, Yaya. In kai kan sunansa in tsaya. In na kira ya ƙi ɗauka, ban san yadda zan yi da raina ba.

Shi ne jiya na yi abin da ban taɓa yi ba. Likita tana tsakiyar magana na sa yatsa na ja sautinta ƙasa, har ƙarshe. Da gangan. Sharhi ya cika: ba a ji, ba sauti, me ya faru. Na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, nasa babu. Na taso na shiga gaban kyamara. Maimakon gwaji sai na ji bakina ya ce, "Mai Sauraro, in kana nan, a yi haƙuri. Ban gane ba ne." Na tsaya ina kallon kyamara kamar wawa, har Likita ta taɓa mini hannu.

Bayan shiri na gaya mata komai. Ta ce ta tausaya, amma mata da yawa suna jiran amsa a lokacin, kuma shirin ba nawa ba ne. Gaskiyarta. Ta ce in na sake, in tattara. Ban damu da wannan ba kamar yadda ya kamata in damu.

Ki gaya mini abu ɗaya kawai. Wayar tana kan firij har yanzu?

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Yayarka ta ce ka tambayi waya. Tana hannuna.

Na ga abin da ka yi. Ban rubuta ba, don ni ba na cewa ba a ji in da gaske ba a ji. Kunya ta kama ni. Mutum ba ya ɓata aikinsa da hannunsa, ba haka na koya maka ba. Ka ba matar nan haƙuri, kada ka sake.

Sautinka yana da kyau. Tun farko yana da kyau, ya fi duk wanda na taɓa haɗawa.

Ranar Laraba ka zauna a kujerarka ka yi aikinka. In kun gama kada ka kashe waya. Zan kira.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka