Motarmu da Kunnen Malam

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida mai albarka. Admin don Allah a sakaya sunana. Ni uwa ce daga ƙasar Gwaram, jikata ce ta sa ni a wannan guruf ɗin, na daɗe ina karanta na mutane ban taɓa zaton nawa zai zo ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci na yi bayan na haifi yara. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya ishe ni, kuma ba maganar da zan kai wa dangi ba ce.

Maigidana, zan kira shi Malam, tsohon direba ne. Lokacin da aka kawo ni gidansa muna cikin jihar Kano, kuɗin fetur ya shigo ƙasa, sababbin motoci ko'ina, shi yana jigila daga Birnin Kudu zuwa Kano. Abin da aka san shi da shi kunne ne. Mota za ta wuce a titi muna zaune a tsakar gida, ya ce wannan fuloginta ɗaya ya mutu, kuma in an duba haka ne. Direbobi har gida suke kawo masa mota da sassafe, ya buɗe bonet, ya sassauta wani abu mai wayoyi a ka da suke kira distributa, wanda yake raba wa inji wuta, ya riƙa juya shi kaɗan kaɗan yana karkata kai yana saurare, sai ya ce "Nan ne," ya ɗaure. Har suna aka sa masa a tasha saboda kunnen nan, ba zan faɗa ba kada a gane mu.

Yanzu ya ajiye tuƙi, autanmu ne yake jan motar gida, 'yar Kwatano, yana ɗaukar fasinja da buhunan hatsi tsakanin Fagam da Gwaram da Birnin Kudu. Da ita muke ci, mu da matar Auta da 'yarsu. Motar irin mai kwamfuta ce, wadda suke cewa birenbos, ita take saita wutar inji da kanta. Tun ranar da aka kawo ta Malam bai so ta ba, ya buɗe bonet ya tsaya yana kallo, ya ce wannan ai ba mota ba ce, rediyo ce, babu inda mutum zai sa hannu.

Da daminar bara Auta ya shiga ruwa a hanyar Kwandiko, ruwa ya shiga birenbos ɗin ya ƙone. Bakanike a Birnin Kudu ya ce hanya biyu ce, ko a nemo wani a Kano, ko a cire kwamfutar gaba ɗaya a sa kafireta da distributa irin na da, wanda ake saitawa da hannu. Auta ya so a nemo birenbos, Malam ya ce ina, a mayar da ita irin ta da, ko a daji ta tsaya sifana ɗaya ta ishe ka. Ni ma na goyi bayan Malam, don na ga yadda fuskarsa ta washe. Ranar da aka dawo da motar ya fito da tsohuwar jakar sifanunsa daga ƙarƙashin gado, ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi na ji daɗi, na ce mutumin nan ya samu abin yi.

To ga inda matsalar take. Kunnen Malam ya tafi, kuma shi bai yarda ba. Ni na riga kowa sani, don ni mai sanyin murya ce tun ina yarinya. Da, ko daga madafa na yi magana ƙasa ƙasa zai amsa daga zaure. Yanzu sai in ce ga abinci, in sake cewa, sai na taɓa kafaɗarsa. Sai ya ce, "Ke dai kin cika magana a ciki, ki buɗe baki mana." In ce to Malam. Kiran sallar asuba ni nake tashinsa, ya ce ladanin nan na yanzu ba shi da murya. Yara sun gane, kowa yana ɗan ɗaga murya, babu wanda ya furta.

Duk ranar Juma'a da safe, ranar da Auta ba ya fita da wuri, Malam zai ce a tayar da mota. Ya sassauta distributa ya yi ta juyawa har injin ya ɗauki ƙara, ƙarar da shi zai iya ji, sai ya ce "Nan ne," ya ɗaure, ya rufe bonet yana murmushi. Ni da ban san mota ba ina jin yadda take ihu, kaji ma gudu suke. Auta ya ce in ya hau tudu da lodi injin sai ya riƙa ƙas ƙas ƙas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ga zafi, ga wahalar tashi da safe. Sai ya lallaɓa Birnin Kudu bakanike ya gyara saitin, Juma'a ta zagayo Malam ya mayar. Har bakaniken ya fara yi masa tsiya, in ya hango shi ya ce, "Yaya, injiniyan gida ya sake zagayowa ke nan?" Yaron nan ya dawo yana huci.

Da abin ya yi yawa bakaniken ya ɗiga farin fenti a daidai inda ya kamata distributa ya tsaya, wai Auta ya riƙa mayarwa da kansa. Malam ya gani. Ranar na ga ɓacin ran da ban taɓa gani ba, ya ce shi za a yi wa alama kamar ɗan koyo, shi da ya saita motoci tun uban bakaniken yana tallar rake a tasha. Ya sa wuƙa ya kankare fentin. Auta ya ce, "Baba ba haka ba ne," Malam bai ji ba, ya ɗauka gunguni yake masa, faɗan ya ƙaru. Ina tsaye da tsintsiya a hannu na rasa wanda zan ba haƙuri.

Satin da ya wuce motar ta tafasa a hanyar Fagam, ɗauke da mata 'yan biki da kayansu, lagireto yana ta hayaƙi, suka sauka a rana suna ta faɗa masa magana. Wani abu a cikin inji da suke kira gaskit ya ƙone. An gyara, amma bakaniken ya ce in aka sake, injin zai buga, kuma ba mu da halin wani.

Auta ya same ni a madafa ya zauna a kan turmi. Ya ce, "Inna, ni ba zan iya kallon idon Baba in ce masa ba ya ji ba. Ke ce za ki faɗa masa. In ba haka ba ranar Juma'a zan ajiye masa makulli in tafi Kano wajen kawu in ja adaidaita, ba zan tsaya inji ya mutu a hannuna a ce ni na kashe ba." Na ce a nemo wani birenbos a sa a ɓoye mana, ya ce Inna mutumin da yake buɗe bonet duk sati? Na ce to ka riƙa kwana da motar a tasha, ya ce ya gwada, Baba ya taka da ƙafa har can ya yi abinsa a gaban mutane. Shi kaɗai ne namijin da ya rage mana a gida, sauran suna nesa.

Na taɓa dabarar cewa ya raka ni babban asibitin Birnin Kudu awon jini, da niyyar a duba kunnensa, ya raka ni ya zauna a waje yana cewa shi lafiyarsa ƙalau. Rubutu kuma na boko ba ya karantawa, balle in rubuta masa.

Jama'a abin da yake hana ni barci shi ne wannan. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaga wa Malam murya ba, ko sau ɗaya, kuma yana alfahari da hakan a gaban 'yan'uwansa. Maganar nan irin wadda ake faɗa a hankali ce, a ɗaki, daga ni sai shi. Amma in na faɗa a hankali ba zai ji ba. In kuwa zai ji, to sai na yi ihun da matar Auta da maƙwabta ta bayan katanga za su ji ina ce wa mijina kunnen da aka san shi da shi ya mutu.

In yi shiru Auta ya tafi, ko in buɗe baki? In akwai wadda ta taɓa faɗa wa mijinta irin wannan, ta gaya mini da wace murya ta faɗa. Yau Laraba, kuma ɗazu na ga ya fito da jakar sifanun yana gogewa.